Takin da na haɗa a bayan ɗaki a Isolo

Yau labarin shara zan ba ku, sai a yi haƙuri da ni.

Ni dai mutumin Ungogo ne, kuma tun ina yaro na san shara da daraja. Da rani Baba kan ɗora wa jaki itace ya shiga birnin Kano ya sayar, in zai dawo ya ciko mangala da taki daga juji, wato toka da kashin awaki da sharar gida, ya zube a gona tsibi-tsibi kafin ruwa ya sauka. Har kuɗi ake ba masu jujin. To ga ni yau a Legas, ni ke biyan kuɗi duk wata a kwashe mini irin abin da Baba ke saye. Duk wanda ya shigo garin nan ta hanyar Ibadan ya san jujin Olusosun da ke Ojota, wanda ya kama da wuta a 2018 hayaƙi ya turnuƙe unguwanni. Can ne ko makamancinsa ɓawon doyarmu ke ƙarewa.

Abin ya daɗe yana ci mini rai, sai ran nan na sayi duron roba mai lita 200, na gasa ƙusa na huhhuda shi gefe da ƙasa, na ɗora a kan bulo biyu a lungun bayan ɗakinmu. Uwargida ta ce, "Malam, nan fa gidan haya ne, ba Ungogo ba." Na ce ta zuba ido kawai.

Na yi ta zubawa. Ɓawon doya da na ayaba, ganyen shayi, ruɓaɓɓen tumatir da wani ɗan'uwa ke ba ni a kasuwar Mile 12, har da sauran tuwo da ƙayar kifi. Kuskurena shi ne na yi lissafi da yanayin gida. A Kano rana ce ke busar da juji, in ma kana son ya ruɓe sai ka yayyafa ruwa. Nan kuwa watan Yuni ne, ruwa ba dare ba rana, iskar ma kanta a jiƙe take. Kwana goma ba a yi ba duro ya koma kunu, wani baƙin ruwa na tsiyaya ta ƙasa, ga wari, ga tsutsa, ɓeraye kuma suka samu wurin biki.

Ranar wata Asabar Baba mai gidan, dattijon Bayarabe da bai taɓa ɗaga mini murya ba, ya kira ni gaban sauran 'yan haya ya ce ko duro ya fita ko ni in fita. Wallahi ban taɓa jin kunya irin ta ranar ba. Mu biyu ne kaɗai Hausawa a gidan, kuma wanda ya zauna a Kudu ya san yadda laifin mutum ɗaya ke zama na "aboki" gaba ɗaya. Na roƙe shi mako biyu. Ya yi shiru, sannan ya ce to.

Wani tsoho da ke noman alayyafo a bakin magudanar Oke-Afa, mutumin Zariya, shi ya warware mini. Ya yi dariya ya ce, "Ɗana, abin nan numfashi yake yi, kai kuma ka nutsar da shi." Ya ce duk kwano ɗaya na ɗanye a bi shi da kwano biyu na busasshe, kuma kada maiƙo ko nama ko kifi ya ƙara shiga. Na juye duron na tsame abin da zai tsamu, na karɓo garin katako wurin kafinta, na yayyaga kwalaye, na sa murfi da guntun kwano a sama. Duk kwana uku ina juyawa da sanda. Ma'aunin da ya ba ni shi ne in damƙa a hannu: ya dunƙule amma kada ruwa ya ɗiga.

A cikin mako guda warin ya ɗauke. Wata safiya na cusa hannu na ji ɗumi kamar tuwon da aka sauke ɗazu, na kira uwargida ta taɓa, ta ƙi. Da Babbar Sallah ta zo na tattara kashin ragunan layin namu na ƙara. Bayan kamar wata uku abin ya zama baƙi, yana warwatsewa a hannu, yana ƙamshin ƙasar da aka yi wa ruwan fari.

Yanzu ina da buhu shida a jikin katanga, yakuwa da rama da zogale guda. Baba mai gidan bai sake tada maganar ba. Matarsa ce dai ta ƙwanƙwasa mana ƙofa makon jiya da bokiti a hannu, wai in ɗan sam mata ta zuba wa ewedu ɗinta, wato lalo. Na cika mata, na kuma ce ta riƙa ajiye mini ɓawon doyarta.