Jagira da Takardar Bayan Gida!

Kai! Kai! Ku tsaya ku ji abin da na ci karo da shi, don na kasa riƙe shi ni kaɗai.

Jagira! Jagirar nan dai da mata ke ja a gira. Da ita aka rubuta littafi sukutum. A kan me? A kan takardar bayan gida!

Nawal El Saadawi ce ta rubuta shi, likita 'yar Masar. A watan Satumba na 1981 gwamnatin Anwar Sadat ta kama ta, aka kulle ta a kurkukun mata na Ƙanatir. Babu biro, babu takarda, an hana. Sai wata 'yar fursuna ta zuro mata guntuwar jagira a ɓoye.

Ku ɗan hasko abin a ranku. Takarda sakwaf-sakwaf, ka danna kaɗan ta yage. Jagira mai maiƙo, tana dakushewa, tana baƙanta yatsu. Ga tsoron gandiroba. Amma tana rubutawa, tana rubutawa, tana amayar da abin da ya tokare mata ƙirji. A 1983 littafin ya fito. Tsigar jikina sai da ta tashi, wallahi!

Kada ku ce ai ita dama marubuciya ce. A wani bincike da aka wallafa a 1986, wani masanin halayyar ɗan Adam a Amurka, James Pennebaker, ya sa ɗalibai su rubuta abin da ya fi ci musu rai, minti 15 a rana, kwana 4 a jere. Minti 15 kacal! A watannin da suka biyo baya, zuwansu asibiti ya ragu. Ashe damuwar da aka haɗiye jiki take ci. Da an zuba ta a takarda sai ta sami kai da gindi, zuciya ta sarara.

Ga kuma kurkukun mata na York a jihar Connecticut ta Amurka. A 1999 marubuci Wally Lamb ya fara zama da matan wurin suna rubuta rayuwarsu: duka, fyaɗe, 'ya'yan da aka raba su da su. Abubuwan da ba su taɓa furtawa ba! A 2003 aka buga rubutun nasu, a 2004 ɗaya daga cikinsu ta ci kyautar ƙungiyar marubuta ta PEN. Tana tsare fa!

Jama'a, idan za ku ziyarci 'yar'uwa a gidan gyaran hali, bayan garin kwaki da sabulu, ku nemi izini ku haɗa mata da littafin rubutu da fensir. Da boko ko da ajami, ta rubuta.