Matsi Shi Ke Sa Kalangu Zaƙi

Ranar da na kawo littafina na farko gida Mazanya, na tarar da Inna a tsakar gida tana matsar man gyaɗa. Ba ta yi boko ba, don haka ta sa ƙanena ya karanta mata bangon tun daga sama har ƙasa. Da ya zo kan sunan kamfanin da ya buga, ta ji ya ce "Press", sai ta ce, "Shi kuma wannan ɗan gidan wa ne?" Muka kwashe da dariya, amma ni kaina ban iya ba ta amsa ba.

Sai daga baya na gano asalin kalmar matsawa ce ko dannawa. Turawan Ingila sun aro ta daga Faransanci, shi kuma ya gado ta daga Latin. Wajen 1450, Gutenberg na birnin Mainz a Jamus ya ɗauki dabarar na'urar matse inabi ya riƙa danna takarda a kan haruffan ƙarfe. Sannu a hankali sunan na'urar ya koma kan kamfanin, har ya game 'yan jarida. Tamu kalmar, maɗaba'a, daga Larabci ta zo, tushenta ɗaya da ɗab'i da ɗabi'a. Wato alamar da ke zama idan an danna hatimi, irin wanda ake buga wa matafiya a Magama kafin su wuce Ɗan Isa.

Wannan binciken bai yi mini daɗi ba. Kuɗin adashen Inna na karɓa na buga kwafi 500. Wanda na kai wa aikin bai karanta ko shafi ɗaya ba, ni ma ban nemi kowa ya duba ba, don ina ɗokin ganin sunana. Na sa rai da masu saye daga Maraɗi, sai aka rufe iyaka a Agustan 2023. Na daɗe ina ɗora wa iyakar laifi, alhali kurakuran da ke shafin farko ba soja ne ya rubuta su ba. A Zariya, tun kafin a kafa Kamfanin Gaskiya a 1945, rubutu sai ya bi ta hannun editoci irin su Abubakar Imam kafin ya ga tawada. Nawa kuwa inji kaɗai ya matse shi.

Da na bayyana wa Inna ma'anar, ta ɗaga tunkuzar da ke hannunta ta ce, "Ashe sana'armu ɗaya. To, ka matsa sosai, in ba haka ba ƙulin ba ya ƙeƙashewa."

Littafi na biyu yana hannun mai gyara, karo na uku ke nan yana dawo mini da shi. Kuɗin adashen kuwa, saura kaɗan in gama biya.