Tayar hunturun Jamus a kan hanyar Funtuwa

A Hamburg, watan Oktoba shi ne kakar masu gyaran taya. Duk garejin da na wuce, motoci ne a layi ana kwance musu ƙafafu huɗu ana ɗaura wasu. Al'adar Jamusawa ita ce tayar sanyi daga Oktoba zuwa bikin Ista, domin robar tayar zafi takan fara tauri idan sanyi ya sauka ƙasa da digiri 7, ta kasa kama titi. Doka ba ta yanke rana ba, amma wanda aka kama a kan ƙanƙara da tayar da ba ta dace ba zai biya tara.

Abin da ya tsayar da ni shi ne rim. Da yawansu suna da rim kashi biyu: na alminiyam mai ƙyalli na lokacin zafi, da baƙin na ƙarfe na hunturu. Na ƙarfen ya fi araha, gishirin da ake watsa wa titi don ya narkar da ƙanƙara in ya ci shi ba a yi babbar asara ba, in kuma ya daki rami lanƙwashewa yake yi, ba ya tsagewa.

Sai dai arahar tana da wutsiya. Tun Nuwamban 2014 duk sabuwar ƙaramar motar da aka yi wa rajista a Tarayyar Turai dole ta zo da na'urar lura da iskar taya. Amurka ta riga su, tun 2007, bayan haɗurran tayoyin Firestone a motocin Ford Explorer. A wasu motocin, kwamfuta ce ke lissafi daga saurin juyawar kowace ƙafa, babu abin da za a saya. A wasu kuwa, sansa ce ƙarama a gindin bawul, cikin taya, da batirinta a rufe, tana aika wa mota saƙo. Mai irin wannan in ya sayi rim na ƙarfe huɗu, sai ya sayi sansa huɗu, a sa kwamfuta a gabatar wa motar da su. In ya ƙi, fitila mai ruwan ɗorawa za ta zauna masa a dashbod, kuma masu binciken lafiyar mota ba za su ƙyale shi ba. Na'urar ba tsirfa ba ce: duk saukar sanyi da digiri 5 ko 6, geji na raguwa da kusan maki 1, taya ta yi laushi ba tare da ƙusa ta taɓa ta ba.

Mu ma muna da fitilar nan. Camry da Corolla 'yan Amurka da ke yawo tsakanin Funtuwa da Malumfashi da yawa da ita a kunne suke kwana suke tashi, ko batirin sansar ya mutu, ko ƙarfen mai faci ya karya ta wajen ɓare taya. Direba ya saba, ya daina ganinta.

Amma abin da ya fi damuna yana bayan garejin Hamburg: tulin tsofaffin tayoyi. Bajamushe yakan yar da tayar sanyi tun zanenta bai ƙare ba, in ya kusa milimita 4, kuma irinsu na cikin kayan da jirage ke saukewa a Kwatano da Legas. Mu kan duba zane mu ce taya sabuwa fil. Robarta kuwa laushi aka yi mata don ƙanƙara. A ɗaura ta a Golf ko J5, a lafta buhunan masara daga kasuwar Dandume, a hau kwalta da tsakar ranar Afrilu: tana cinyewa da wuri, birki ya ƙara nisa, in iska ta yi ƙasa kuma ta ɗau zafi har ta fashe. Babu sansar da za ta gaya maka robar ba ta ƙasarka ba ce.

Ido ne ke gaya maka. A gefen tayar akwai hoton dutse mai tsini uku da furen ƙanƙara a ciki. Wannan ta hunturu ce. Kusa da rubutun DOT kuma akwai lambobi huɗu, biyun farko mako, biyun ƙarshe shekarar da aka yi ta. Iska kuwa da sassafe ake auna ta, taya na da sanyi, a bi adadin da ke liƙe a jikin ƙofar direba, ba bugun ƙafa ko "sa mini 50" ba.