Jirgin Ɗankabo

Shekarar da muka raka kakata sansanin alhazai a Kano ban wuce shekara goma sha biyu ba. Ta ƙulle garin kunu da yaji a leda, ta cusa can ƙasan jaka, bakinta bai daina salati ba. Da jirginsu ya ɗaga daga filin Malam Aminu Kano, kawuna ya nuna shi da haɓa ya ce, "Ka ga jirgin Ɗankabo can." Ba wanda ya ce Kabo Air. A wajenmu jirgin na mutum ne, kamar a ce motar Alhaji wane.

Sai da na girma na gane ba mu yi nisa da gaskiya ba. Alhaji Muhammadu Adamu Ɗankabo, Jarman Kano, ya kafa kamfanin a 1980, jiragensa suka fara tashi a 1981, lokacin da Nigeria Airways ke cin karensa babu babbaka. A kamfani irin wannan, wane jirgi za a saya, Legas za a nufa ko Jidda, duk magana ce da ke ƙarewa a bakin mai wuƙa da nama. Injiniya ya kawo nasa lissafin, akanta ya kawo nasa, amma in maigida ya girgiza kai, an rufe fayil.

A 2001 manyan kamfanin suka yanke shawarar barin zirga-zirgar cikin gida, suka koma jigilar alhazai da shata da manyan jirage ƙirar Boeing 747. A takarda dabara ce, don kujerar alhaji a biye take tun kafin a kunna inji. Amma ɗan kasuwar Kwari mai sammakon Legas ba a tambaye shi ba, kuma har yau abin yana ɗan sosa mini rai.

Shi kuwa Nigeria Airways, da yake na gwamnati ne, shugabanninsa tare da masu mulki suke zuwa su tafi. Har Turawan KLM aka ɗauko a 1979 suka riƙe shi shekara biyu. A 2003 ya daina tashi, shekara guda bayan rasuwar Ɗankabo.

Kakata ta dawo da haƙorin Makka da jarkar zamzam. Har ta koma ga Allah, duk jirgin da ya gifta ta saman gidanmu, ko na wane ne, sai ta ɗaga kai ta ce na Ɗankabo ne.