Keke Ruwa-Biyu: Dokin Ma'aikaci A Zamanin Tsadar Mai

Tun daga ranar 29 ga watan Mayu, 1999 ake rantsar da shugabanni a ƙasar nan a irin wannan rana, amma babu wadda ta taɓa aljihun talaka nan take kamar ta 2023, sa'ad da Shugaba Bola Tinubu ya ce tallafin mai ya ƙare. Litar fetur da ba ta kai naira 200 ba ta haura 500 cikin 'yan kwanaki, kafin ƙarshen 2024 kuwa ta wuce naira dubu. Ma'aikacin da albashinsa bai motsa ba sai ya wayi gari kuɗin mota yana cinye abin da ya tanada don cefane. To, a nan ne waɗansu suka tuna da keke, abin hawan da suka raina tun da babur ya shigo.

Sai dai keken da suka tarar a kasuwa ya bambanta da na iyayensu. A da, in an ce keke, to, Raleigh ake nufi, ko Phoenix na ƙasar Sin: baƙi, mai nauyi, mai birkin ƙarfe, giyarsa ɗaya tak. Yanzu kuwa cikin kayan gwanjon da ake shigowa da su akwai wani iri da Turawa ke kira haibirid, watau ruwa-biyu. Ya fito ne wajen ƙarshen shekarun 1980, sa'ad da maƙera suka haɗa siffofin keke iri biyu. Daga keken tsere ya gaji manyan ƙafafu da rashin nauyi, daga keken hawa tsauni, wanda aka fara a Kalifoniya ta Amurka, ya gaji miƙaƙƙen kai da yawan giya. Faɗin tayarsa ya fi na keken tsere, bai kai na keken tsauni ba, nauyinsa kuma galibi tsakanin kilo 11 ne zuwa 14.

Ga mai zuwa aiki kullum, lalle wannan keke ya cika alkawari. Mutumin da ke da kilomita 10 tsakanin gidansa da ofis zai isa cikin minti 40 ba tare da ya wahalar da kansa ba, alhali abokin aikinsa yana tsaye a bakin titi yana ciniki da mai A-Daidaita-Sahu. Zaman da ake yi a kansa a miƙe ne, saboda haka mahayi yana ganin abin da ke gabansa, direbobi ma suna ganinsa. Sirrinsa yana ga giya. A gaba wajen feda akwai faifai uku masu haƙora, a ƙafar baya akwai bakwai ko takwas, watau giya 21 ke nan ko 24. In an zo hawa, irin na Jos ko na Abuja, sai a maida sarƙa kan ƙaramin faifan gaba da babban faifan baya, feda ta yi laushi, a hau a zaune. Mai Raleigh kuwa a nan yake sauka ya tura.

Abin da ya fi hana ma'aikaci hawa shi ne kunya. Yana tsoron a ce arzikinsa ya karye, ko maƙwabta su yi ta yi masa jaje. Wannan ciwo ya daɗe. A 2001 Ministan Sufuri na lokacin, Cif Ojo Maduekwe, ya yi ta kiran jama'a su koma ga keke, har ya hau da kansa zuwa taron majalisar zartarwa a Abuja, wata motar bas ta ture shi cikin kwata, aka maida abin na dariya. Wanda ya yi dariya a ran nan ya manta da abu guda: faɗuwar ministan ta nuna cewa titunanmu an yi su ne ba tare da an tuna da mai keke ba, har yau kuwa mafi yawansu ba su da layin da aka ware masa. Saboda haka wajibi ne mahayi ya sa hular kwano, ya ɗaura fitila gaba da baya, ya kuma ɗauka cewa direban da ke bayansa bai gan shi ba.

Ta fuskar lafiya, ribar ta fi ta aljihu. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawara cewa baligi ya motsa jikinsa aƙalla minti 150 a mako. Wanda ke yin minti 40 da safe, 40 da yamma, ya cika wannan tun ran Talata, bai kuma ware wani lokaci dabam ba. Hawan jini da ciwon sukari sun fi samun gindin zama a jikin mai wuni kan kujera, keke kuma yana aikatar da zuciya da cinyoyi ba tare da ya daki gwiwa kamar yadda gudu ke yi ba. Sharaɗi ɗaya ne: a daidaita sirdi yadda ƙafa za ta kusa miƙewa in feda ta kai ƙasa, gama sirdin da ya yi ƙasa da yawa shi ne ke jawo ciwon gwiwa.

Wajen doguwar tafiya ne ake ganin iyakarsa. Kaduna zuwa Zariya kimanin kilomita 80 ce, wanda ya saba kuwa zai iya fita bayan asuba ya yi azahar a can, da jakarsa a kan kariya. Amma bayan awa biyu ko uku tafin hannu yakan fara mutuwa, domin miƙaƙƙen kai wurin riƙo ɗaya ne kawai gare shi, iskar gaba kuma tana dukan ƙirjin mai zama a miƙe. In aka bar kwalta aka shiga yashi, siririyar tayar nutsewa take yi, ƙaya kuma ba ta raga mata. Ga kuma batun gyara. Bakin ƙafarsa milimita 622 ne, na Raleigh kuwa 635, saboda haka tayar da mai faci na ƙauye ya rataye a rumfarsa ba za ta shiga ba, ko da yake ido yana ganinsu kamar ɗaya. Matafiyi sai ya tafi da tub ɗinsa, da famfo, da kayan faci, ya kuma riƙa wanke sarƙa yana sa mata mai, musamman da hunturu, don ƙura ce babbar maƙiyiyar giya. Kada kuma ya yarda dare ya riske shi a hanya.

Manomin da zai kai buhun masara kasuwa ya riƙe Phoenix ɗinsa, gama kariyar ruwa-biyu ba a yi ta don abin da ya wuce kilo 25 ba. Mai son tsere ma ya nemi nasa dabam. Wannan keke na malamin makaranta ne, da akawu, da ɗalibi, waɗanda tafiyarsu ta yi wa ƙafa nisa, ta kuma yi wa aljihu tsada. Mai niyyar saye ya duba jikin ƙarfen ko ya tsage, ya juya ƙafafun ya ga ko sun karkace, ya gwada kowace giya kafin ya biya. Gwamnatocin jihohi kuma, in da gaske suna son rage wa ma'aikata raɗaɗin tsadar sufuri, su ware wa keke gefensa a kan titi, su dawo da bashin sayen keke irin wanda ƙananan ma'aikata suka sani a da.