Daga Kogin Bolta zuwa Kogin Gari: Wa zai yi iyo domin ruwanmu?

A shekarar 2023 wata matashiya 'yar ƙasar Gana mai suna Yvette Tetteh ta shiga Kogin Bolta a garin Buipe, ba ta kammala ba sai a Ada inda kogin ke kwarara cikin teku, bayan ta yi iyo na tsawon kilomita 450. Ba gasa take yi da kowa ba. Ta yi ne tare da wata ƙungiya mai suna The Or Foundation, wani jirgin ruwa na biye da ita ana ɗibar ruwan kogin domin a auna yawan ɓurɓushin zaren tufafi da ke cikinsa, a kuma nuna wa duniya ɓarnar da sharar kayan gwanjo ke yi wa ruwan ƙasar. Kogin ba baƙo ba ne ga Bahaushe. Goron da fatakenmu ke saye a Salaga sai ya ƙetare shi kafin ya iso hannunsu, kuma a bakinsa ne, a Kete-Krachi, Alhaji Umaru haifaffen Kano ya zauna yana karantarwa har ya rasu a 1934.

Ba ita kaɗai ba ce. Andreas Fath, farfesan kimiyyar sinadarai a Jamus, ya bi Kogin Rhine da iyo a 2014 yana gwada ruwansa. Lewis Pugh ya yi iyon kilomita 507 a Kogin Hudson na Amurka a 2023. Hikimar abin a fili take: mutane ba su cika karanta rahoton masana ba, amma idan suka ga ɗan Adam ya jefa jikinsa cikin ruwa kwana da kwanaki, dole su tambayi dalili, daga tambaya kuma sai a kai ga taimako.

Da wannan tunani na zaga Kazaure da Roni da Gwiwa da Baɓura a tsakiyar bazara, ina tambayar kaina: idan wani ɗan yankin nan ya ɗauri aniyar yin irin wannan sadaukarwa, a wane ruwa zai yi ta?

Wanda ya fito daga Kano ta hanyar Ɗambatta zai ga ƙasa shimfiɗe, sai ya kusanci Kazaure tukuna duwatsu su fara ɗago kai, su rungume garin da Ɗantunku ya kafa masarautarsa a cikinsa a wajejen 1819. A gindin waɗannan duwatsu Madatsar Muhammadu Ayuba take kwance. Da sassafe na tsaya a bakinta, na ga rayuwar gari guda ta taru a wuri ɗaya. Masunta na janyo komarsu da 'yan karfasa da tarwaɗa, masu lambu sun tayar da injinan ban ruwa, makiyayi ya koro shanunsa, can gefe kuma samari na wankin babura, kumfar sabulu da baƙin mai na gangarawa inda suka ga dama. Kowa ɗiba yake yi, kowa kuma yana barin wani abu a baya. Inda ruwan ya janye sai ga laka ta tsattsage, ledojin ruwan sha da na cefane sun manne a cikinta kamar shuka su aka yi.

Lakar nan ita ce babbar abokiyar gabar kowace madatsa. Duk damina, ruwan da ke gangarowa daga tudu yana ɗauke da ƙasar gonaki, idan ya iso madatsa ya tsaya cik sai ya sauke kayansa a ƙasa. A ido faɗin ruwan bai sauya ba, amma zurfinsa raguwa yake yi shekara bayan shekara, kamar randar da ake zuba wa yashi da cokali. Ruwa marar zurfi kuwa ya fi saurin ɗumama da ƙafewa, ya fi kuma jawo ciyayi irin su kacala, wadda mutanen Haɗeja da Nguru suka san yadda take toshe hanyoyin ruwa.

Akwai wani dalilin da zai hana ni cewa wani ya faɗa ruwa haka kawai, wato tsargiya. Ƙwayar cutar tana girma ne a jikin wasu ƙananan dodon-koɗi da ke son ruwa mai kwanciya, ta fito ta huda fatar mai wanka ko mai wanki ba tare da ya ji ba. Mai ɗauke da ita idan ya yi fitsari a bakin ruwa, ya mayar da ƙwanta inda ta fito. Har yau akwai ƙauyukan da ake ɗaukar fitsarin jini a matsayin alamar yaro ya fara girma, alhali mafitsararsa ce ke lalacewa. Magani akwai, ana kiransa praziquantel, amma yaron da ya sha yau ya koma ruwan gobe bai rabu da ita ba.

A Roni da Gwiwa na ga mafarin labarin. Ƙasa ce ta tuddai da tsakuwa, ruwan sama kuma bai cika wuce wata huɗu ba. A bazara ƙoramun yankin yashi ne zalla, sai dai yashin ba fanko ba ne. Na iske wani dattijo ya tona rami a tsakiyar wata ƙorama, ruwa garai-garai na tsattsafowa yana kwasa da ƙwarya. Na gaishe shi, na ce Baba, ashe da ruwa a nan? Ya yi murmushi ya ce mini, ɗana, da kamu biyu ake tonawa a same shi, yanzu sai mutum ya nutse har ƙugu. Yashin ƙorama rumbu ne da ke ɓoye ruwan damina daga zafin rana. Duk tifar da ta kwashi lodi ta kai wurin gini, wani yanki na rumbun ta ɗauke. Duk bishiyar da aka sare a kan tudu domin itace ko gawayi, an cire abin da ke rage wa ruwa gudu, sai ya sauko a fusace ya yanka kwazazzabo, ya kai ƙasar gona cikin madatsa.

Baɓura kuma ita ce ƙarshen zancen. Nan duwatsu sun ƙare, sai rairayi da sarari har iyakar Jamhuriyar Nijar. Kogin Gari da na Tomas, waɗanda ke tasowa daga Jihar Kano su nufi arewa maso gabas, ba su taɓa ganin teku ba. Muddin suna kan ƙasa mai dutse a ƙarƙashi suna gudana, da zarar sun shigo ƙasar yashi sai ta riƙa shanye su sannu a hankali. Ba ɓata suke yi ba, komawa ƙarƙashin ƙasa suke yi, su ciyar da rijiyoyi da burtsatse. Ma'anar wannan ita ce, abin da aka zuba a kogi can sama, ko ragowar maganin feshi ne ko takin zamani, yana iya biyo ruwa zuwa gugar mutumin da bai taɓa ganin madatsar ba. Haka kuma abin da aka tare a sama, na ƙasa ne ke jin rashinsa. An gina madatsun Gari da Tomas tun yankin nan duka yana cikin Jihar Kano, kafin a ƙirƙiro Jigawa a 1991. Yau ruwa ɗaya ne ya ratsa jihohi biyu, ya haɗa masarautar Kazaure da ta Ringim, shi kuwa bai san iyaka ba.

Amsar da na samu ke nan: ba mu da kogin da za a yi wa iyon kwana arba'in. Ba gwanaye muka rasa ba, domin duk wanda ya ga wasan kabanci a bikin kamun kifi na Argungu ya san akwai 'yan ruwa a ƙasar Hausa. Yanayin kogunanmu ne daban, saboda haka namu iyon da ƙafa za a yi shi. Ina ganin matasan yankin za su iya shirya tattaki duk shekara a cikin rani, su bi kwarin Kogin Gari daga madatsa har inda yashi ya haɗiye shi, suna yada zango a ƙauyuka. Ɗaliban Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Tarayya ta Hussaini Adamu da ke Kazaure su riƙa ɗibar ruwa suna gwadawa, su auna zurfin rijiyoyi, su rubuta inda ake kwasar yashi da inda kwazazzabo ya ci gona. 'Yan kasuwa da 'yan asalin yankin mazauna Kano da Abuja su yi alƙawarin wani abu a kan kowace kilomita, a bayyana abin da aka tara da inda ya tafi a bainar jama'a, domin rashin bayani ne ke kashe irin wannan aiki tun yana jariri. Kuɗin a sa shi a dashen itatuwa a bakin ƙoramu, da kwashe leda, da yi wa 'yan makaranta gwajin tsargiya. Hakimai da sarakunan ruwa su ne za su tsayar da dokar inda za a yi wanki da inda za a shayar da dabbobi.

Idan aka jure wa wannan na wasu shekaru, za a samu abin da ba mu da shi yanzu, wato lissafin ruwanmu a rubuce, wanda za a ajiye gaban hukuma ba tare da gardama ba. Ranar da likita zai iya cewa yaro ya ƙetare madatsar Kazaure da iyo ba tare da fargabar cuta ba, ranar ce za mu yi bikin. Mun saba gina rijiya domin sadaka, to kare ruwan da ke ciyar da rijiyar ma sadaka ce, domin da ruwan ciki ake jan na rijiya. Allah Ya ba mu damina mai albarka, Ya kuma ba mu ikon riƙe amanarta.