Tsohuwa Mai Batir A Ƙirji, Jinyarta Sai Da Tsari

A ƙasashen Turai, duk tsohon da aka kai gidan kula da tsofaffi sai an buɗe masa fayil, an rubuta ciwonsa da maganinsa da ranar ganin likita. Mu kuwa a nan, ɗakin tsohuwa shi ne gidan jinyar, 'ya'ya da surukai su ne ma'aikatan. An ce hannu da yawa maganin ƙazamar miya, amma fa sai idan kowa ya san abin da ɗan'uwansa ya zuba.

Innarmu na ɗauke da na'urar daidaita bugun zuciya, wadda mutane ke kira batirin zuciya, an dasa mata ita a ƙarƙashin fata, ƙasa da kafaɗar hagu. Takan yi wata biyu wurina a Dutsin-Ma, sannan ta koma Kurfi gidan yayanmu. Shi ya sa muka saya mata littafi, duk inda ta sa ƙafa yana cikin jakarta tare da katin na'urar.

Me muka rubuta a ciki? Ranar komawa wurin likitan zuciya, da wanda zai raka ta, domin batirin shekara 5 zuwa 15 yake yi, kuma likita kaɗai ke iya auna abin da ya rage. Kada a soke wayar salula a rigarta ta wajen na'urar, a bar tazarar santimita 15, ta riƙa amsa waya da kunnen dama. Wanzami kada ya yi ƙaho ko tsaga a wurin. A sanar da ma'aikatan asibiti kafin hoton MRI. Da an ga jiri, ko suma, ko wurin ya kumbura ya yi ja, ba a jira gari ya waye, sai asibiti.

Kada na'urar ta tsorata ki. Arne Larsson, mutumin Suwidin da aka fara dasa wa ita a 1958, sai a 2001 ya rasu, yana da shekara 86.

'Yar'uwa, kada sanin jinyar ya tsaya a kanki ke kaɗai, gobe kina iya tafiya haihuwa ko biki. Ki rubuta yau, ki karanta wa duk mutanen gidan. Allah Ya ba iyayenmu lafiya, Ya sa mu gama da su lafiya, amin.